Noman Kabeji a Lambun Gida: Bayani ga Kwamitocin Masallatai na Yankin Fakku

Daga cikin tambayoyin da kwamitocin masallatai na ƙasar Kebbe da Tambuwal suke yawan aiko mana akwai wannan: shin kabeji zai yi a ƙasa mai zafi irin tamu, har a ƙarfafa wa gidajen marayu da zawarawa gwiwar shuka shi a bayan ɗaki? Amsarmu ita ce zai yi, amma a cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma wanda lokacin ya wuce shi ya yi asarar iri da ruwa.

Kabeji ganyen sanyi ne. Shi ya sa ya fi karɓuwa a tsaunukan Filato, inda ake loda shi a motoci zuwa kasuwannin ƙasar nan. Mu a Fakku sanyin hunturu kaɗai muke da shi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zarar Maris ya kama, zafin rana yakan kai maki 40, kuma a irin wannan yanayi kabeji ba ya dunƙulewa da kyau. Saboda haka lissafin daga baya ake faro shi. Iri mai saurin nuna, kamar Copenhagen Market, yana buƙatar kwana 70 zuwa 90 bayan dashe, ga kuma mako 4 zuwa 5 na reno. Ke nan a yafa iri a tsakiyar Oktoba, a dasa a tsakiyar Nuwamba, a yanke a farkon Fabrairu.

Irin ba shi ne abin tsada ba: giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, abin da zai wadaci gidaje da dama. Idan tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar sai a dasa shi da yamma, a bar tazarar santimita 50 tsakanin kowane biyu. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 zai ɗauki kai 20. A zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Ruwa ne wurin da aka fi faɗuwa. Kabeji yana son laima madawwamiya. Idan aka bar shi ya sha ƙishi sannan aka malala masa ruwa bayan ya dunƙule, kan yakan tsage, wanda ya tsage kuwa ba ya ajiyuwa, ba ya kuma daraja a kasuwa. A nan muke jan hankalin kwamitoci ga ruwan alwala da ke kwarara kan titi kullum sau biyar. Muddin magudanarsa ba ta haɗu da ta makewayi ba, ana iya karkata shi zuwa lambun da ke maƙwabtaka da masallaci. Sai kuma tsutsa mai huda ganye. A riƙa duba ƙarƙashin ganyen da safe, a daka ƙwallon dogon yaro a jiƙa shi ya kwana, a tace a fesa kowane mako. Awakin gida kuwa, darni kawai ke maganinsu.

Akwai hukunci biyu da ya kamata masu bayarwa su sani. A mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan kayan lambu, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin wajabcinta. Wanda ya sayar, kuɗin suka kai nisabi kuma suka shekara a hannunsa, zai fitar da zakkar kuɗi. Na biyu, zakka haƙƙin rukunai takwas ne da Alkur'ani ya ambata, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a haƙa rijiya da ita ba. Don haka rijiya, darni da bututun ruwa sai dai su fito daga asusun waƙafi da sadaka, kuma muna roƙon kwamitoci su rubuta su a littafi daban. Kwamitin da ke son gidajen unguwarsa su shiga noman bana ya kammala gyaran fangali da tanadin iri kafin ƙarshen Satumba.