"Touch Grass": Me Turawa Ke Nufi Idan Suka Ce Ka Je Ka Taɓa Ciyawa?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a ya shigo wurina rai a ɓace, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba ka ga yadda wani Bature ya mayar da ni dabba." Ashe kwana suka yi suna musu a shafin X a kan wasan ƙwallon ƙafa, da abin ya ishi Baturen sai ya aiko masa da kalmomi uku kacal: "Go touch grass." Yaro ya fassara su ɗaya bayan ɗaya, ya ga an ce ya je ya taɓa ciyawa, shi ke nan ya ɗauka an kira shi akuya. Masu iya magana dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na ga ya dace in yi wa mai karatu bayanin wannan karin magana, domin na san ba shi kaɗai aka taɓa jefa wa ita ba.

Idan Bature ya ce da mutum "touch grass", abin da yake nufi shi ne mutumin ya daɗe a kan intanet har tunaninsa ya fara kauce wa hanya, don haka ya ajiye waya ko kwamfuta, ya fita waje ya ga rana, ya yi hulɗa da mutane ido da ido. Maganar sabuwa ce, a shafukan sada zumunta aka haife ta, ta kuma bazu sosai a shekarun 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta kulle jama'a a gida. A shekarar 2024 ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya shigar da ita cikin sababbin kalmominsa.

To, me ya kawo ciyawa cikin zancen? A Ingila da Amurka ciyawa ado ce. Ana shuka ta a ƙofar gida, a yi ta aske ta da inji, ana kuma shimfiɗa ta a wuraren shaƙatawa irin su Hyde Park da ke Landan, inda mutane ke zama su huta. Saboda haka da an ambace ta, Bature zai tuna da fili da iska da hutu. Bahaushe kuwa abincin dabba zai tuna, ko wahalar noma, ko macijin da ke ɓoye a cikinta da damina. Wannan bambanci ne ya jefa ɗan ƙanwata cikin ruɗu. Fassarar da ta fi kusa a harshenmu ita ce "fita ka sha iska", sai dai tasu tana ɗauke da zafin da tamu ba ta da shi.

A iya lurata, hanyoyi uku ake amfani da ita. Ta farko gatse ce, a gaya wa wanda ya tayar da jijiyar wuya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta biyu shawara ce tsakanin abokai, cikin raha, idan an ga ɗaya ya zarme. Ta uku kuwa mutum ne ke faɗa wa kansa, ya ce "I need to touch grass", ma'ana ya gaji da kallon waya, yana bukatar hutu.

A nan akwai buƙatar taka tsantsan. Ba magana ce da za a gaya wa malami ko shugaba a wurin aiki ba, ba a kuma saka ta a wasiƙar neman aiki. Wanda ke son ya ce da wani ya fita cikin ladabi, sai ya yi amfani da tsohuwar magana, wato "get some fresh air". Kada kuma a haɗa ta da "take a hike", wadda a zahiri take nufin tafiyar ƙasa a daji, amma a bakin mai fushi ma'anarta "ɓace mini da gani". Ita kanta kalmar "grass" tana da wasu fuskoki: a bakin 'yan tasha tana nufin tabar wiwi, a Birtaniya kuma ana kiran mai kai wa 'yan sanda tsegumi da ita.

Ba zan ɓoye ba, maganar tana da aibi. Sau da yawa wanda aka ƙure da hujja ne ke fakewa da ita don ya rufe bakin abokin musunsa. Wanda ya yi kuka a kan zalunci ko tsadar rayuwa, ba shan iska ne maganin damuwarsa ba. Duk da haka akwai gaskiya a cikinta da ta shafe mu. Na sha zama a majalisa in ga mutum shida a kan tabarma ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai ga waya, ba mai ce da wani ƙala.

Da na gama yi wa yaron bayani, sai na tambaye shi yaushe rabonsa da ya je gaida kakarsa, wadda tsakaninsa da ita bai wuce tafiyar minti goma ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, tun Sallah." Na ce to, Baturen bai san ka ba, amma ya faɗi abin da kakanninmu suka riga shi faɗa, cewa zumunci a ƙafa yake. Ya tura wayar a aljihu ya fita. Ni ma da na duba tawa, sai na ga ashe na fi awa biyu ina karanta musun da ba nawa ba. Allah Ya sa mu gyara.