'Yan Kwana-kwana Da Majami'unmu

Duk wanda ya san Jos bai manta da shekarar 2002 ba, lokacin da gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus. Haka kuma kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, 'yan'uwanmu da dama suka wayi gari ba jari.

Mukan ɗauka aikin 'yan kwana-kwana yana farawa ne sa'ad da wuta ta tashi. Ba haka ba ne. Tun kafin hunturu ya shigo sukan zaga kasuwanni da gidajen mai, su duba inda haɗari ya fi yawa, inda za su ɗebi ruwa, da ko motarsu za ta iya shiga. A nan ne mukan ba su wahala, gama mun cika hanyoyi da rumfuna, sa'an nan mu zarge su da jinkiri.

To, majami'unmu fa? Saboda tsaro, da yawa muna kulle ƙofofi lokacin sujada, mu bar guda ɗaya tak. In wuta ta kama, ta ina yara da tsofaffi za su fita? Ga jarkar fetur kusa da janareta. Wutar fetur kuwa ba a zuba mata ruwa, sai yashi ko tukunyar kashe gobara.

Dattawan ikilisiya, ku gayyaci 'yan kwana-kwana su duba gininku, su koya wa matasa da zumuntar mata abin yi.