Ko Kun Sani?

Ruwan akwatin gilashin kiwon kifi kan yi garau alhali akwai guba a ciki. Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta sassan numfashinsa, sai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matatar ruwa su mayar da shi naitirait, daga nan naitiret mai sauƙin illa. A sabon akwati, ƙwayoyin bakteriyar sukan kwashe mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita, kuma a lokacin ne kifaye suka fi mutuwa. Naitirait na hana jini ɗaukar iskar oksijin, har kifi ya taso sama yana haki. Ido ba ya ganin gubar, sai an ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalbar ruwan, a gwada launin da na jikin katin gwajin.