Inda wuƙar likita ba ta kaiwa

A watan Oktoban 2005 Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, saura makonni kaɗan ta cika shekara 60. Abin da aka yi ta faɗa a gidajenmu shi ne, "Mace kamar wannan, me ta rasa?" Ba na yi wa mamaciya shari'a. Sai dai tambayar ta ɗauka cewa yadda muke ganin mutum haka yake ganin kansa, kuma ba haka ba ne.

Maxwell Maltz, likitan gyaran fuska a Amurka, ya rubuta a littafinsa na 1960 cewa yakan gyara wa mutum hanci ko ya share masa tabo, dangi su yi ta barka, mai fuskar kuwa ya duba madubi ya ce babu abin da ya canja. Tun 1891 wani likitan Italiya, Enrico Morselli, ya bayyana wannan hali. Yau an san cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tana damun kusan mutum 2 cikin 100, maza da mata. Mai ita yakan shafe sa'o'i a gaban madubi yana binciken aibin da babu mai gani sai shi. Ya ƙi zuwa biki, ya guji hoto. In an gyara hancin, galibi damuwar ta koma kan haɓa ko fata.

To, wa ke koya wa ido abin da zai ƙi? A da, a tsibiran Fiji, mace mai jiki ita ce kyakkyawa, ramewa kuwa abin jaje ne, kamar dai a wajen kakanninmu. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995 da finafinan Turawa. Zuwa 1998, binciken Anne Becker ta Jami'ar Harvard ya gano kusan kashi 11 cikin 100 na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna jawo amai da gangan don su rame, alhali a 1995 ko ɗaya babu. Jikinsu bai sauya ba cikin shekara uku, ma'aunin aka sauya musu.

Mu ma muna da namu ma'aunin, kuma a cikin gida ake fara aza shi: gwaggon da ke kiran yarinya "baƙar banza", mijin da ke yabon hasken amarya a gaban uwargida. Daga nan sai man bilicin, sai ƙwayoyin "sha ka fashe", waɗanda wasunsu ke jawo hawan jini da ciwon suga. Wannan ya fi tiyatar Turai ba ni tsoro, domin a kemis ɗin unguwa ake samunsu.

Ba tiyatar gyara nake suka ba. A asibitin cutar noma na Sakkwato ana gyara fuskokin yaran da cutar ta cinye, su koma cin abinci da zuwa makaranta. Wannan aikin alheri ne. Amma ƙanwar da ba ta iya fita sai ta yi awa biyu tana ɓoye wani ɗan tabo, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ta fara gani. Ana maganin wannan cuta ta ƙwaƙwalwa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da irin magungunan da ake bai wa masu ciwon damuwa, kuma da yawa suna samun sauƙi.