Tukwici Ga Yaran Dutsen Alhaji Da Malamansu

Jama'a, Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Duk wanda ya taɓa rubuta littafi da Hausa ya san ba sana'ar tara dukiya ba ce. Babban ladan marubuci shi ne ya ji yaro ya karanta abin da ya rubuta, ya kuma gane. Wannan lada kuwa ba ya isowa sai ta hannun malamin makaranta.

Dutsen Alhaji gari ne a Ƙaramar Hukumar Bwari, a kan hanyar da ta tashi daga wajen Kubwa ta nufi Bwari. Tun da aka ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma komo da gwamnati Abuja a 1991, baƙi suke ta tuɗaɗowa wannan yanki na Gwarawa. A aji guda sai ka tarar da ɗan Gwari da ɗan Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Bayarabe.

Daga wata makarantar firamare ta garin ne aka aiko mini da saƙo, bayan an karanta wa yara wani ɗan littafina na tatsuniyoyi. A ciki akwai wasiƙu da rubutun fensir, da zanen Gizo da Ƙoƙi, da wata 'yar tukunyar ƙasa irin ta Ushafa, watau ƙauyen magina da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Wasu daga cikin masu wasiƙun ba Hausa ake yi a gidajensu ba, amma ga shi sun rubuta ta. Na gode, yara, Allah Ya yi muku albarka.

To, amma wa ya zauna ya karanta musu? Wa ya gyara musu ƙa da ɗa da ɓa? Malamai ne. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. A gasar ƙagaggun labarai da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, Alhaji Abubakar Imam yana malami ne a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Ashe daga cikin aji littattafanmu suka fito, cikin aji kuma suke rayuwa.

Abin takaici shi ne halin da malaman nan suka shiga. An sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, amma sai da malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida suka yi yajin aiki daga Maris zuwa Yulin 2025 kan haƙƙinsu. Fiye da wata uku ajujuwa suna kulle, 'ya'yan talakawa suna gida, alhali na masu hali suna makarantun kuɗi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su riƙa biyan malamai cikakken albashi a kan kari. Iyaye kuma su riƙa leƙa makaranta suna gaisawa da malaman 'ya'yansu. Mu marubuta namu tukwicin shi ne mu ɗauki littattafanmu mu kai makarantun bayan gari kyauta, mu zauna mu karanta da yara. Allah Ya saka wa malamai da alheri, amin.