Safaya da Aƙiƙ: Ado Ne Ko Magani?

A unguwar Majidaɗi ta birnin Jalingo, kamar sauran unguwannin Arewa, ba wuya a ga dattijo sanye da zoben azurfa mai jan dutse, watau aƙiƙ, irin wanda alhazai kan kawo tsaraba. Jihar Taraba kuwa Allah ya ba ta nata dutsen, shuɗin yaƙutu wanda 'yan kasuwa ke kira safaya, ana haƙo shi a tsaunin Mambila cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna. Da yake kowannensu akan jingina masa magani, ya kamata jama'a su san gaskiyar lamarin kafin su zuba kuɗinsu.

Ta fuskar jiki dai bambancinsu a fili yake. A shekarar 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, inda daimon ke bisa ƙololuwa. Safaya tana mataki na 9, aƙiƙ bai wuce na 7 ba, saboda haka in aka goga su ita ce za ta karce shi. Haka nan wajen nauyi: safaya ta ninka ruwa mai girmanta kamar sau 4, aƙiƙ kuwa sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Tun a ƙarni na 11 malam Albiruni ya yi amfani da irin wannan awo don rarrabe duwatsu.

Shuɗin safaya ya samu ne daga ɗan ɓurɓushin ƙarfe da titaniyam da ke cikinta. Aƙiƙ kuwa dangin yashi ne, jansa na tsatsar ƙarfe ne, shi ya sa masu sana'arsa a garin Khambhat na Indiya suke gasa shi don launin ya ƙara nuna.

To, maganar magani fa? Mutanen da sun rubuta cewa aƙiƙ yana tsai da jini yana sanyaya fushi, safaya kuma wai tana warkar da ciwon ido. Amma a shekarar 2001 Farfesa Christopher French na kwalejin Goldsmiths a Landan ya gwada mutum 80, ya ba wasu duwatsu na gaske, wasu na jabu. Masu riƙe da na jabu su ma suka ce sun ji ɗumi da motsi a hannu, daidai da 'yan uwansu. Ke nan abin daga zuciya yake, ba daga dutse ba. A nan safaya da aƙiƙ sun yi kunnen doki.

Abin da likitoci suka tabbatar ma akasin haka ne, domin ƙurar aƙiƙ ta jawo wa masu wasa shi da yawa a Khambhat ciwon huhu wanda ba ya warkewa.

Sai kuma a yi hattara da 'yan damfara, gama tun farkon ƙarni na 20 ake ƙera safaya a masana'anta, wasu ma kwalba zalla suke sayarwa. Kama da wane ba ta wane.

Saboda haka mai sha'awar zobe ya sa abinsa don ado, ɗan kasuwa ya nemi halalinsa. Amma wanda idonsa ke ciwo, ko macen da jini ya ɓalle mata, a hanzarta kai su asibiti, kada a tsaya jiran dutse har lokaci ya ƙure.