Mushe A Turke Da Kan Hanya: Kada A Feɗe, Kada A Ja Shi A Ƙasa

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya taɓa lodin shanu daga Pouytenga ko Fada N'Gourma a Burkina Faso, ya keto iyakar Paga ya biyo Tamale da Kumashi har ya sauke a kasuwar Tulaku kusa da Ashaiman, ya san ba kullum ake isa da kai cikakke ba. Tafiyar kusan kilomita 800 ce daga Paga zuwa Ankara, ga cunkoso cikin tirela, ga ƙishirwa. In saniya ta faɗi masu rakiya suka yi sauri da wuƙa, an tsira da wani abu. In ta riga su kuwa, ta zama mushe. To, yadda muke yi da mushen nan shi ne maganarmu a wannan fitowa.

Abin da aka saba gani shi ne a ɗaura igiya a ƙafa, yara su ja shi ƙiii zuwa bayan gari. A unguwanninmu na Nima da Maamobi kuwa, inda babu fili, sai a bari dare ya yi a tura tunkiya ko akuya cikin babban gwata. Gwatan nan cikin kogin Odaw yake zubawa, daga nan sai tafkin Korle. Wani kuma ya ce asara ba ta cika biyu ba, bari ya feɗe ko ƙirgin ya sayar wa masu ganda, wadda a nan ake kira wele.

A nan haɗarin yake. Ba kowace dabba ce wahalar hanya ke kashewa ba. Akwai ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Alamarsa ita ce dabba tana lafiya lau sai ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ta kumbura nan da nan, baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma jinin ba ya daskarewa. Da zarar an buɗe cikinta iska ta shiga, ƙwayar cutar sai ta yi wa kanta ɓawo, ta zauna cikin ƙasa shekaru masu yawa ba ta mutu ba. Duk inda aka ja mushen jininsa ya ɗiga, an shuka ciwon ke nan, saniyar da ta ci ciyawar wurin ta ɗauka. Mai feɗewa yana kamuwa ta ƙujewar hannu, mai ci kuma ta ciki.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Yuni na 2023 ba, don a kanmu ya faɗa. An tabbatar da ciwon a gundumar Binduri, mutum ya rasu, hukumar yankin Upper East ta hana yanka da saye da sayarwa da safarar dabbobi na wata guda, ana gab da Babbar Salla. Hanyarmu ta Bawku da Bolgatanga ke nan. A watan Yuli na shekarar aka same shi a wata gona a ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja a Nijeriya. Mushe ɗaya yana iya rufe wa dubban fatake da dillalai da mahauta kasuwa.

Ko a Amurka makiyaya ba su wasa da wannan. Suna da wata dabba mai kama da dila, koyoti, wadda ke kama 'yan maruƙa da tumaki. Da hunturu aka fi farautarta don lokacin gashinta ya yi kauri. Masana kiwo a can suna gargaɗi cewa a kwashe mushe daga makiyaya, domin shi ke koya wa koyoti hanyar garke. Haka kura da dila da karnuka suke a wajenmu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. In dabba ta mutu ba a san dalili ba, kada kowa ya sa mata wuƙa. A janye sauran shanu daga wurin, a rufe ta da tamfol don ungulu da karnuka, a aika a kira likitan dabbobi. In ya ce saifa ce, a ƙone ta ƙurmus a nan inda take, ko a haƙa rami mai zurfin mita 2 a binne, nesa da rijiya da rafi. In dole sai an matsar da ita, a toshe hanci da baki da dubura, a naɗe a ɗora a amalanke. Motar da ta ɗauko ta a wanke da magani kafin sabon lodi. Allurar rigakafin saifa kuwa shekara-shekara ake yi, a tambayi takardarta tun wajen ciniki.

Addini ya riga ya haramta mana cin mushe, sai mu haɗa da barin ƙirginsa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kai mu kasuwa lafiya, amin.